Ƙaramar mitar ɗaki a gidan haya: tana raba gardama, amma sai an ɗaura ta daidai

A gidajen haya na Damagaram, daga Sabon Gari zuwa Karkada da Garin Malam, mitar kamfanin wuta na NIGELEC ɗaya ce ke ciyar da ɗaki biyar ko shida. Rabon da aka saba shi ne ƙidayar ƙwan fitila da fanka, kuma nan rikici ke farawa, don wanda ya ɓoye hita a bayan gado ba ya shiga ƙidaya. Ƙaramar mitar da masu gyaran wuta ke kira su-konter an yi ta ne don wannan matsala, kuma a ganina kuɗinta ba asara ba ne.

Iri biyu ake samu a shagunan kayan wuta. Akwai tsohuwa mai faifai, akwai ta zamani mai lambobi da ake maƙalawa a ƙarfen akwati. Mai lambobin ta fi. Mai faifai in ba a kafa ta a miƙe ba tafiyarta na sauyawa, kuma ƙurar hunturu na shiga cikinta. A nemi mai layi ɗaya, bolt 220, da aka rubuta 5(30)A ko 5(60)A a fuskarta. Wadda ba a rubuta adadin ƙiftawar fitilarta ba, misali 1000 ko 1600 a kowane kilowat (kilowat-awa, ma'aunin wutar da aka sha), a bar wa mai shago kayansa.

Amfaninta yana fitowa a lissafi. Fanka mai wat 70, awa 10 kowane dare, kilowat 21 ke nan a wata. Ƙwan fitila mai wat 9, awa 6 a rana, bai kai kilowat 2 ba. Hita mai wat 1500 kuwa, rabin awa kullum, ta sha fiye da kilowat 22. Mai konjilater, wato firigon daskarewa, na sayar da ƙanƙara da lamurje a zafin Afrilu da Mayu ya wuce su duka. Ina adalci a ce tsohuwa mai fitila ɗaya ta biya daidai da shi?

Wurin ɗaurawa ne ake ɓata aiki. Mitocin duka su zauna a akwati ɗaya a zaure, inda kowa ke gani, ba cikin ɗakuna ba. Kowace mita ta sami nata makatsin wuta, a rubuta lambar ɗaki a jikinsa. Wayar da za ta tafi ɗaki kada ta gaza milimita 2.5, mai firigo da dutsen guga gara 4. A ɗaure noti tamau, don sakwarkwataccen noti ke sa bakin mita zafi har roba ta narke. Darmar da aka hatimce babbar mita da ita kuwa ta kamfani ce, ba a taɓa ta.

Ranar da aka gama, a yi gwaji gaban kowa. A kashe makatsin ɗaki na ɗaya, a shiga a duba: in wata fitila ko soket na da wuta, an ja waya ta bayan mita, ko da gangan ko kuskuren tsohon aiki. A bi ɗakunan haka ɗaya bayan ɗaya. Sannan a kunna abu mai wat 100 na awa 10, mita ta ƙara kilowat 1. Kada a gwada da dutsen guga, yana ɗaukewa yana dawowa da kansa.

Aibinta shi ne jimillar ƙananan mitoci ba ta cika yin daidai da babbar ba. Fitilar tsakar gida da ta makewayi, da ɗan abin da ke salwanta a waya, su ke kawo giɓin. Misali, takarda ta zo da jika 18, babbar mita ta nuna kilowat 200, ƙananan sun haɗa 185. Kilowat ya kama sefa 90 ke nan, har da haraji. Kowa ya biya nasa, 15 da suka rage, wato 1350, a raba daidai. In giɓin ya yi tsalle wata guda ba dalili, a maimaita gwajin makatsi kafin a zargi kowa.

Mita ba ta riƙe kuɗi, saboda haka amana na nan a hannun mai karɓa. A sa kwaɗo mai makulli biyu, ɗaya wurin mai gida, ɗaya wurin wanda ƴan haya suka zaɓa. A karanta mitocin ranar da ma'aikacin kamfani ya karanta babbar, a ɗauki hoto da salula, a rubuta a littafi. Rasit ɗin biya a liƙa shi a jikin akwatin har na watan gaba ya zo.