Shagon maganin ƙwarin da ya ceto mini ciyawar ƙofar gida

Shekara biyu ina rainon ciyawar ƙiri-ƙiri a ƙofar gidana a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, don yara su samu wurin zama ba ƙura. Bana da damina ta yi nisa sai ta fara yin ja wuri-wuri, kaji kuma suka dame ta da tono. Na kama tsinke ɗaya na ja, sai ta taso kamar tabarma, ba saiwa ko ɗaya. A ƙasa ga gwazarma, wato tsutsotsin buzuzu, farare, masu jan kai, sun lanƙwashe kamar lauje.

Ranar kasuwa na zuba biyar a gwangwani na kai wani ɗan shagon kayan noma. Abin da ya burge ni, mai shagon bai yi gaggawar miƙo kwalba ba. Ya ce, "Malam, wane taki ka zuba?" Na ce na shanu, ɗanye. Ya ce a nan buzuzu ke son yin ƙwai, gaba in bar shi ya ruɓe tukuna.

Ya ba ni magani mai sinadarin imidacloprid, ya gaya mini gaskiya cewa ƙananan tsutsotsi ya fi kashewa, manyan sai in tsince da hannu. A fesa da yamma, a bi da ruwa sosai ya sauka ga saiwa, a killace kaji da yara.

Inda na ga gazawarsa, ba ya sayar da safar hannu ko takunkumi, kuma bayanin kwalbar duk Turanci ne. Sai da na sa ya maimaita mini awon sau biyu.

Bayan mako uku sabon tofo ya fara rufe gurabun. Zan koma wurinsa sayen irin albasa.