Komoot da Garmin Edge 530 a titunan Kaduna, bayan wata huɗu

Jama'a masu tambaya ta wane abu ne maƙale a kan kekena kamar ƙaramar waya, to Garmin Edge 530 ne, na'urar GPS ta keke mai nuna hanya, na hannu na saya a wani shago cikin gari. Ya fito tun 2019, maɓallai gare shi ba a shafa fuskarsa, kuma wallahi ni hakan ya fi min, don in gumi ya jiƙa hannu ko kana sanye da safar hannu shafe-shafe ba ya yi.

Hanya kuwa a Komoot nake zana ta, manhajar Jamusawa ce da ke aiki da OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta a intanet. Daren Juma'a in buɗe laftof in sa mafari Unguwar Rimi, in ja layi ta Malali zuwa Kawo in gangaro titin Ali Akilu in dawo ta Murtala Square, nan take ta nuna min kilomita nawa, ina hawa ina gangara, ina kwalta ina turɓaya. Wannan na kwalta da turɓaya shi ne ya saye ni gaskiya, duk mai siririn taya ya san abin da nake nufi.

Ranar farko dai na sha kunya kuma laifina ne, Komoot na zana hanya ne daidai da irin keken da ka zaɓa, ni kuma na manta na bar ta a kan keken dutse, sai ga ni a wani lungu bayan Malali, yashi har ya haɗiye taya, yara na bina suna "Yallaɓai ka sauka ka tura mana!" Na tura ɗin kuwa. Tun daga nan nake duba irin keken da na zaɓa, kuma in na ga layi ya bi inda na san 'yan Keke Napep na cushewa sai in janye shi da kaina.

Loda hanyar ba wuya. Ka sauke fayil ɗin hanyar daga Komoot, wanda ake kira GPX, ka jona na'urar da kebul, ka jefa shi cikin folda mai suna NewFiles da ke cikin foldar Garmin, in ka sa a wani wuri ba za ta gan shi ba. Ko ka haɗa Komoot da Garmin Connect, manhajar Garmin, fayil ɗin ya riƙa shiga da kansa, amma sababbin shiga tun 2025 sai sun biya Premium, wato tsarin Komoot na kuɗi, ni tsohon akawun gare ni.

Mai shagon nan bai gaya min taswirar Turai ce a cikin na'urar ba, na kunna na ga layi kawai a fili fetal babu titi ko ɗaya, sai da na sauke ta Najeriya kyauta daga OpenStreetMap na saka.

Batir sun ce awa 20, ni caji ɗaya na kai ni sati biyu. Yanzu waya na aljihu, ba na tsayawa bakin titi ina latse-latse ana ƙare min kallo, in kwana ta matso sai na'urar ta yi ƙara tit-tit in karya. Asabar mai zuwa ta Kabala za mu tsallaka Kogin Kaduna mu faɗa Barnawa, na riga na loda.