Tsohon Yamaha 40 ko sabon injin China: ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ƙanena. Kan tambayarka ta injin jirgin ruwa da za ka saya, tsakanin tsohon Yamaha mai ƙarfin doki 40 ɗin da aka nuna maka da sabon na China mai cikin kwali, tunda ka ce kuɗinsu kusan kai ɗaya, ɗauki Yamaha. Sai dai kada ka miƙa ko sisi kafin ka kai ƙarshen wannan rubutu, domin ba wajen zaɓe ake yanka mutum ba, wajen biya ne.

Na ga wasu sun ce ka dakata sai taron ƙungiyarmu ta 'yan fito na ƙarshen wata a tambayi baƙon da zai zo mana jawabi. Ba laifi. Amma ka fara tambayar sakatare wane ne baƙon, kuma da me yake ci. Zan dawo kan wannan, akwai tabon da ya bar min.

Nawa E40X ne, cikin waɗanda Yamaha ke kira Enduro. Hannu na biyu na saye shi, wurin wani ɗan fito da ya gaji da ruwa ya koma noman albasa. Silinda biyu ne, 703cc, nauyinsa ya haura kilo 70, don haka kullum mu biyu muke ɗora shi a bayan jirgi ni da yarona. Babu batir, babu makulli, igiya ce ka ja ya tashi. Fentin hularsa ya koɗe tun kafin ya zo hannuna, har yara a kwata suna ce masa dattijo. Ban taɓa jin haushin sunan ba, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar da ya shiga raina ba zan manta da ita ba. Damina ce, mun taso daga Wara za mu tsallaka ɓangaren Shagunu, inda tafkin Kainji ya fi faɗi, wurin da in ka kai tsakiya gaɓa take zama kamar zare. Ina ɗauke da buhunan masara, babur biyu da fasinja, yawancinsu mata 'yan kasuwa. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara turo mu, sai injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Duk wanda ya taɓa tuƙi ya san wannan shirun. Jirgi ya juya ya ba taguwar ruwa gefe, ruwa ya fara fantsamo mana, wata tsohuwa kusa da ni ta kama salati ba ta tsagaita ba. Na cire hula, na kwance ɗan kusan da ke ƙasan kafireta, abin da ya fara zubo min a tafin hannu ruwa ne, sannan fetur ya biyo. Ashe jarkar da na sayi mai a cikinta da safe ce ta cuce ni. Na matsa robar mai har ta yi tauri, na cire fulogi biyun na sa waɗanda nake ajiyewa cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin benci. Ja na farko babu komai, na biyu ya yi gyaran murya, na uku ya kama. Da sukundireba ɗaya da sifana ɗaya aka yi wannan aikin, ana jijjiga, hannuna na rawa. Da muka isa tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro biyu, ta ce ɗaya nawa ɗaya na injin. Na cinye duka, Allah ya yafe min.

Kada ka ɗauka ina cewa ba ya lalacewa. Yana lalacewa, ƙarfe ne. Abin da nake nufi, in ya lalace kana gane ciwonsa, kuma maganinsa na kusa. Daga Yauri zuwa Malale zuwa New Bussa, kai har Lakwaja, da wuya ka tsaya a kwatar da ba za ka samu yaron da ya taɓa kwance irinsa ba. Lambar yawancin kayansa da 66T take farawa, ka riƙe wannan a ka, zai yi maka amfani a shagon kayan gyara. Na canza ringi sau ɗaya, robar famfon ruwa kuwa kusan kowace shekara, bayan farin ruwa ya wuce. Ruwan damina da ke gangarowa da laka da yashi shi ne ke cinye robar, ba kamar baƙin ruwan hunturu da ke zuwa garau daga can ƙasar Gini ba.

Aibinsa shan mai. In ka murɗe shi ƙarshe zai sha maka wajen lita 20 a awa, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita 20 take nufi a aljihun ɗan fito. Ni dai na koyi sassauta hannu, ina barin sa wajen kashi uku cikin huɗu, isowa ta ɗan yi jinkiri amma jarka tana kai ni. Ga hayaƙi, ga ƙara, in ka wuni a kansa da dare kunnenka na ta kuka. Bakin mai kuma haɗawa ake yi cikin fetur, kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tankinsa mai lita 25. Ka nemi na injin ruwa, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan. Masu zuba na mota saboda araha su ne kullum a gindin bishiyar bakanike.

Na China kuwa, to, sabo ne. Ba wanda ya wahalar da shi kafin kai, kuma da yawansu kwaikwayon E40X ɗin ne, har wasu kayan Yamaha suna shiga jikinsu. Akwai kamfanonin da suke sa sunansu na gaskiya a jiki, ba su ɓoye komai ba. In fitonka gajere ne, kamar Yauri zuwa Zamare da kaya marar nauyi, zai yi maka aiki na wani lokaci. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Yanzu ga tabon. Wata shekara aka kawo mana baƙo a taron wata, aka ce masani ne a kan injina, zai wayar mana da kai. Ya zo da shadda mai maiƙo da ƙaramar lasifikarsa, ya yi rabin awa yana maganar tsadar mai, kowa na gyaɗa kai domin gaskiya yake faɗa. Sai ga shi yaransa sun sauko da inji biyu daga bayan mota, fenti na ƙyalli, launin toka irin na Yamaha sak. Ya ce daga masana'anta ɗaya suke fitowa, suna ne kawai ya bambanta, kuma albarkacin ƙungiya ya rage mana kuɗi, amma ragin na ranar ne kaɗai. Ka lura da wannan "na yau kaɗai" ɗin, duk inda ka ji shi ka dafe aljihunka. A lokacin ina son ƙara jirgi na biyu, na tashi a gaban mutane na ba da kafin alƙalami, har ana tafa min. Wata na huɗu giya ta fara kuka, na biyar ta daina shiga baya. Da aka buɗe, haƙoran sun cinye kamar an goga su a dutse. Takardar garantin da ya ba ni tana nan har yau cikin akwati, lambar wayar da ke jiki kuwa tun sati na uku aka daina ɗauka. Da na zo sayar da injin ko rabin kuɗina ban gani ba, alhali dattijo in na ce zan sayar yau, kafin la'asar an zo da kuɗi.

Shi ya sa nake ta roƙon shugabanni, kuma ina sake roƙo a nan tunda suna karantawa: baƙon da ya zo jawabi kada ya sayar da komai a ranar. Mai kaya ya zo a matsayin mai kaya, a san shi da haka, ya bar adireshin shagonsa. Mutum yana zaune kusa da Sarkin Ruwa, an ba shi kujerar gaba da lemo, wa zai iya tashi ya ce masa ƙarya kake yi? Kunyar taron ce take sa mu saye, ba kyan kayan ba.

Baƙon da ya fi amfanar da ni kuwa ko jawabi bai iya ba. Wani tsohon bakanike ne daga New Bussa, riga duk bakin mai, aka ba shi makirfo ya ajiye a kan tebur. Ya ce a kawo masa inji da kwano. Aka ɗauko na wani daga cikinmu wanda yake ta yabon injinsa, bakaniken ya kwance kusan ƙasa na giya ya tara kwanon. Maimakon mai ya fito, sai wani abu fari-fari kamar kunun gyaɗa. Bai ce komai ba, ya miƙa kwanon aka zagaya da shi hannu-hannu. Sannan ya ce ruwa ya shiga, robobin da ke tare ruwa sun mutu, yawanci zaren kamun kifi ne yake naɗewa a bayan farfela ya yanke su. Ya cire farfelar, ga zaren nan dunƙule. Ranar mutum nawa suka koma kwata da fitila suna duba nasu.

Abin da ya koya mana shi za ka yi wa Yamahar da aka nuna maka. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora hannu a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga wahalar tashinsa, ka ce za ka dawo gobe. Kada ka yarda a tayar maka da shi a tudu ko na minti ɗaya, robar famfo ƙonewa take yi in babu ruwa. A sa shi a duro, ka tsaya ka ga siririn ruwan nan yana tsartowa da ƙarfi ta baya. Ka sa a zubo man giya a gabanka, ka duba launi, ka murza shi a yatsa ko za ka ji garin ƙarfe. Ka kama faifan sama da ake naɗa igiya ka girgiza, in yana wasa to karanshaf ne ko boris, kuma wannan gyara ne mai cin rabin kuɗin inji. In bakanikenka yana da agogon gwada matsi, a gwada silinda biyun, ya kamata su zo kusan daidai. Kuma bakaniken ya zama naka, wanda kai ka biya masa kuɗin mota, ba wanda mai kaya ya kira ba.

Sai kuma ha'incin da ya fi yawa yanzu. Tunda kayan na shiga juna, ana ɗaukar hular Yamaha da gangar jikinsa a cika cikin da kayan China, a fesa fenti, a ce maka ɗan Beljiyam ne bai taɓa aiki a Najeriya ba. Sabon fenti a tsohon inji abin tuhuma ne. Duba kawunan notina, in fenti ya rufe su ko sifana ta cinye gefensu, an sha kwance shi. Wanda ya fito daga ruwan gishiri, wajen Legas ko Fatakwal, za ka ga farin gari kamar kanwa a gindin notina, kuma cikin hanyar ruwansa ya fi wajen muni. Akwai ɗan farantin lamba a jikin maƙalar da ke kama bayan jirgi. In babu shi, ko an kankare, ka bar injin ko kyauta ne, domin ana satar injina a kwata da dare, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa kai za a kama. A rubuta takarda da lambar a ciki, shaidu biyu, ɗaya daga ƙungiya. Ka kuma auna bayan jirginka kafin ka tafi, akwai mai gajeriyar ƙafa akwai mai doguwa, S da L, bambancinsu inci biyar ne. In ka sayi wanda bai dace ba, ko farfela ta riƙa kama iska ko ƙafar ta riƙa neman kututture.

Kututturen nan ba wasa ba ne. Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968 itatuwan da tafkin ya haɗiye suna nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya ja baya sai su matso sama. Kuma doki 40 ba izinin ƙara lodi ba ne. Duk muna nan a watan Mayun 2021 lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, akwai waɗanda suke cikin wannan zauren da suka yi kwanaki suna tsamo gawa. Abin da jami'an NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, suke maimaitawa kan rigar kariya da barin tafiyar dare, ko an gaji da ji, gaskiya ne. In ka taya Yamahar aka rage maka wani abu, kada ka kai shi wajen fenti da sitika. Sayi robar famfo sabuwa, fulogi huɗu na NGK daga shagon da aka sani don jabunsu sun cika kasuwa, man giya mai lamba 90, ragowar ka zuba a rigunan kariya.

In kuma ka duba ka ga karanshaf ɗin na wasa, kada haushi ya sa ka juya ka ɗauki na kwalin. Riƙe kuɗinka, bayan kaka masu sayarwa suna fitowa. Ka faɗa min ranar da za ka je gani, duro na nan a bayan gidana, kai dai ka zo da fetur lita biyar da kwano.