LinkedIn a ƙarshen kwantiragi: ya biya, amma ba zai karɓo maka haƙƙinka ba

Masu aikin wucin gadi, irin na wata uku wata shida ɗin nan, in kwantiraginku ya zo gangara ku buɗe LinkedIn tun kafin ranar sallama. Manhajar ta daɗe, tun 2003 take, Microsoft ya saye ta a 2016, kuma yawancin mutane neman aiki kawai suka sani a ciki, alhali akwai wani ɓangare da ya fi yi mana amfani mu da ba ma daɗewa a wuri ɗaya, wato wajen da oganka zai rubuta maka shaida da hannunsa ta zauna a furofayil ɗinka da sunansa da muƙaminsa kowa na gani.

Yadda yake, dole sai kun haɗu da shi a manhajar tukun, sai ka tura masa buƙata, ka zaɓi aikin da kuka yi tare da matsayinsa a kanka. In ya rubuta ba ya fita kai tsaye, kai zai fara zuwa ka karanta, in akwai gyara ka roƙe shi ya gyara, in bai maka ba ka ƙi sa shi. Wannan tsarin ya burge ni sosai wallahi, kuma kyauta ne, ba sai ka shiga Premium, tsarinsu na biyan kuɗi, ba.

Lokacin roƙon shi ne komai. Ni ina tura nawa ana saura sati biyu in tafi, lokacin da oga ke ganina kullum kuma aikin da na yi yana kan teburinsa, sannan in same shi baki da baki in ce ranka ya daɗe na turo maka saƙo, layi huɗu ma ya isa, har in tuna masa ayyuka biyu da na kammala don kada ya rubuta min "yaron kirki ne" kawai. In ka bari sai ka tafi, a bar ganinka a manta da kai, ba mugunta ba ce, wani ne ya zauna a kujerarka kuma uzuri ya yi masa yawa.

Don Allah kada ka buɗe akawun ɗin da imel na ofis, ranar da ka miƙa katin shaida da kwamfuta za su iya rufe imel ɗin, ka zo canza fasuwod ka rasa inda saƙo zai shiga.

Akwai kuma koren zoben da LinkedIn suka kawo a 2020, wanda ke fitowa a jikin hoton furofayil ɗinka, mai nuna kana neman aiki. Za ka iya sa shi kowa ya gani, ko ka taƙaita sanarwar ga masu ɗaukar ma'aikata kaɗai ba tare da zoben ba, sai dai LinkedIn su kansu sun ce ba su ba da garantin cewa kamfanin da kake ba zai gani ba. In kana sa ran a sabunta maka kwantiragi, gara ka fara tambayar oga gar da gar inda aka kwana, kada ya tsinci labarin a waya.

Inda LinkedIn ba ya taimako kuwa, shi ne maganar kuɗi. Albashin ƙarshe, kuɗin ranakun hutun da ba ka ci ba in yana cikin yarjejeniya, takardar kammala aiki mai tambarin kamfani da sa hannu, duk wannan tsakaninka da ma'aikatar ne, kuma wurare da yawa takardar suke nema ba yabon intanet ba. Ka ɗauko kwantiraginka ka karanta abin da ya ce kan sanarwa da biyan ƙarshe, ka nemi su rubuta maka ranar da za a biya, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka na kanka. Tauraro huɗu cikin biyar na ba LinkedIn.