Arial Rounded ko Impact: wanne ya dace da allon shagon fura?

Ɗan'uwanmu na wajen Ringim ya ce zai buɗe shagon fura da yogot a bakin titi, mai buga fileks ya nuna masa samfurin allo biyu da salon haruffa daban-daban, ɗaya da Arial Rounded MT Bold, ɗaya da Impact, yana neman shawara. Allah ya sa albarka, Malam.

Dukansu masu kauri ne, kuma ba su da 'yan ƙafafun nan da ake gani a ƙarshen haruffan Times New Roman. Bambancin yana baki da faɗi. Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965, matsattse ne, dogo, bakinsa a yanke tsaf. An yi shi ne don kanun labarai da tallace-tallace, shi ya sa yake cusa kalmomi da yawa a ɗan wuri. Shi kuwa Arial Rounded na kamfanin Monotype, kowane layi nasa a dunƙule yake ƙarewa kamar curin fura, kuma haruffansa a buɗe suke.

Wannan buɗewar ita ce na fi ba wa muhimmanci. Mai sayenka yana kan babur ne ko cikin mota, kallo ɗaya zai yi. Ka dubi cikin "a" da "e" a Impact, ɗan tsagi ne kawai. Daga nesa sai ya toshe, balle hunturu ya zo ƙura ta kwanta a kan allon. Na dunƙulen kuwa ramukansa suna nan sarari, har yaron da bai daɗe da fara haɗa baƙi ba zai karanta. Ga shi da sakin fuska, ya dace da abinci da kayan yara. Impact tsawa yake yi, ya fi kyau a fastar siyasa ko gargaɗi.

In sitika za a yanka a manna a gilashi ko firji, nan ma na dunƙulen ya fi, domin kusurwa mai tsini ita ce take fara ɗagowa.

Amma yana cin wuri. In sunan shagon dogo ne, kada ka yarda mai zanen ya matse shi a manhajar zane ta CorelDraw don ya shiga, kaurin zai lalace, siffar ta tafi. Gara a rage kalmomi ko a raba su layi biyu. Lambar waya da jerin kaya a sa su da Arial na yau da kullum.

Sai maganar ƙ, ɗ da ɓ. Arial Rounded ɗin da yake zuwa da Microsoft Office ba shi da su, sai kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani wuri ta jefa a tsakiya, ko mai zanen ya cire lanƙwasar ya yi shiru. Ka sa ya rubuta "ƙanƙara" a gabanka da kowanne. In bai fito daidai ba, ya zana lanƙwasar da hannu da kaurin sauran haruffan, ko ya sauko da salon haruffan Andika mai kauri na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, kyauta ne kuma haruffanmu duka suna ciki.

Ni dai na dunƙulen zan ɗauka. Kafin ka biya, ya buga maka sunan a takarda, ka liƙa a bangon shagon, ka tsallaka titi ka duba.