Wasiƙa daga Bakin Kogin Mekong

Yaya, sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kana lafiya da iyali, a gaishe min da Inna sosai.

Ka tambaya ko ɗan albashin koyarwar da nake samu a Kambodiya yana isa. Ban san amsar ba sai da na fita daga Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Da aka ba mu hutun bikin ruwa na Nuwamba, jama'a na ta tururuwa zuwa babban birni kallon tseren kwale-kwale, ni kuwa na ɗauki jaka na bi kogi sama: Kampong Cham, Chhlong, sannan Kratie. Garuruwa ne irin su Yawuri, masunta da 'yan kasuwar bakin ruwa, ba mai gaggawa. Da azahar za ka tarar da mai shago kwance cikin ragar lilo, sai ka yi gyaran murya kafin ya tashi.

Kuɗinsu riyel ne, wajen 4,000 a dala ɗaya, kuma duka biyun suna yawo a kasuwa. Ka ba da dala, a ba ka canji da riyel. Amma idan takardar dalar ta ɗan yage, ko kallonta ba za su yi ba. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta mayar min da tawa tana dariya, ta nuna min wata 'yar takarda mai zane da ta rataye a jikin laimarta. Na ɗora waya a kai, kuɗi suka shiga nan take. Ba cajin mai POS, ba “bari mu ga alat”. Na tuna ranar da muka yini a layin banki lokacin canjin kuɗi na 2023.

Masauki mai fanka da banɗaki a Kratie dala takwas na biya. Ɗakin bai fi na otal-otal ɗinmu kyau ba, katifar ma kamar tabarma. Sai dai kwana uku na yi ban ji ƙarar janareta ba, famfo kuma bai ƙafe ba. A nan arahar take, Yaya. Ba ka sayen fetur, ba ka kiran mai garuwa. Babur mai jan keken fasinja, wanda suke kira tuk-tuk, ya fi A Daidaita Sahu fili, amma in direba ya ga baƙo sai ya ninka kuɗi, a wannan kam ba su fi mu tsoron Allah ba.

Abinci ne matsalar. Mutanen Khmer, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, mabiya Buddha ne, naman alade na cikin kusan kowace tukunya, har miyar taliyar safe. Allah ya taimake ni da 'yan ƙabilar Cham, Musulmi ne da ƙauyukansu ke jere a bakin kogin. In ka hango hasumiya da mata masu hijabi, to ka sami wurin salla da naman yanka. Naman shanunsu dai tauri gare shi, ba ya kusa da na Mararrabar Jos. Kifi kuwa sun yi mana nisa. Suna da wani ruɓaɓɓen kifi mai suna prahok, shi ne daddawarsu. Warinsa ya kore ni ranar farko, yanzu ina ɗan taɓawa.

Abin da ya tsaya min a rai giginya ce. Tana ko'ina a gonakin shinkafarsu, 'yar'uwar tamu sak. Mu muruci muke ci da 'ya'yan, su kuwa hawa suke yi su tari ruwan furen a gorar bambu, su dafa shi ya zama sukari kamar mazarƙwaila, har ana fitar da shi Turai. Na tsaya ina lissafin giginyoyin da ke fadamar Baba.

A Kampi, kilomita 15 arewa da Kratie, na shiga jirgin ruwa kallon dolfin ɗin kogi, wasu dabbobin ruwa masu kama da manyan kifaye, waɗanda ba su fi ɗari da 'yan kai ba a Mekong. Awa guda muna jira, na hango gadon bayan guda biyu.

Idan wani zai zo ta Bangkok, don Allah a ba shi yajin ƙuli da kilishi, da kuka ko mudu ɗaya.