Jijiyar Tsoka da Jijiyar Gaɓa: Wacce Ta Fi Wuyar Warkewa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa targaɗen idon sawu kan saki mutum cikin 'yan makonni, amma wanda agararsa ta tsinke sai ya shafe watanni yana jinya.

Agara jijiyar tsoka ce, tana haɗa tsoka da ƙashi. Wadda ke targaɗewa a idon sawu kuwa jijiyar gaɓa ce, ƙashi da ƙashi take ɗaurewa, don kada gaɓa ta goce. Dukansu da wani zare mai ƙwari na jiki da ake kira kolajin aka saƙa su, jini kaɗan ke kai musu, shi ya sa tsoka ta fi su saurin warkewa. Matakan iri ɗaya ne: kumburi na 'yan kwanaki, sai makonnin saƙa sabon zare mai rauni, sannan watanni, wani lokaci fiye da shekara, zaren yana jeruwa yana yin ƙwari. Zafi kan ɗauke tun kafin a kai nan, mutum ya ɗauka ya warke, ya koma gudu, rauni ya dawo sabo.

Matsalar jijiyar tsoka ja ne. Agara na tsinkewa, tsokar sha-raɓa sai ta janye ɓangaren sama, giɓi ya buɗe. Don haka ake sa takalmi mai ɗaga dunduniya, ana rage tudun sannu a hankali, kamar makonni 8 zuwa 12, ko kuma a ɗinke. Ta yatsa kuma, in an ɗinke aka bar ta ba motsi, takan manne da kubenta, yatsa ya sandare.

Jijiyar gaɓa kuwa, mazauninta ne ke yanke hukunci. A gwiwa, ta gefen ciki tana wajen gaɓa, jini na daskarewa a wurin ya zama gada, galibi takan haɗe ba tiyata. Ta tsakiya, wadda ake kira ACL, cikin ruwan gaɓa take, gudan jinin ba ya zama, da wuya ta haɗe da kanta. Likitoci kan ɗebo jijiyar tsoka su maye gurbinta, ɗan ƙwallo kuma ya jira watanni 9 zuwa 12.

A ganina abin da aka fi sakaci da shi bayan targaɗe shi ne atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya, in babu shi idon sawu kan riƙa gurɗewa. Mai ciwon agara kuma ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin, domin yana ƙara haɗarin tsinkewa.